Tambaya: Yaya zan kare hannun yaran shago daga injinan walda da ƙira?

Mai Walda Gujungu:

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'a. Ina da shagon walda a wani ƙauye ta wajen Gujungu, yara biyar ke aiki a ƙarƙashina, babbansu ya shekara huɗu a sana'a, ƙaraminsu bai cika wata shida ba. Aikinmu ƙofofi da tagogi, amalanken shanu, gyaran garma, idan kaka ta gabato kuma mukan haɗa injin casa da na ɓarar gyaɗa. Muna da giranda biyu, ƙarama mai inci huɗu da rabi da babba mai inci tara, da injin huda na tsaye, da dutsen washi na kan tebur, da almakashin datse faranti na hannu, sai rolar naɗe faranti wadda moto ke ja da bel. Wuta kuwa rabi ta NEPA ce, rabi ta janareta.

Abin da ke damuna hannun yaran nan ne, don amana iyayensu suka ba ni. Wasu sun ce in saya wa kowa safar hannu, wasu sun ce safar ce ma ke jawo hannu cikin inji. Wanne ne gaskiya? Sannan yaran suna yawan cire murfin giranda, wai yana tare su idan za su shiga lungu. Wace irin kariya zan iya ƙerawa da kaina ba sai na kashe kuɗi da yawa ba? Kuma idan tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, me za a yi kafin a kai babban asibiti, tunda tafiyar ta fi awa guda?

Tsohon Maƙeri:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Da giranda zan fara, don a cikin kayan da ka lissafa ita aka fi ɗauka, kuma ita aka fi rainawa.

Ƙaramar giranda tana juyi kusan 11,000 a minti ɗaya, wato sama da 180 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya ga matsala, ƙwaƙwalwa ta ce wa hannu janye, an ci kusan kwatan daƙiƙa, dutsen girandar, wato faifan da ke juyawa, ya riga ya zagaya sau 40 da ɗoriya. Saboda haka duk yaron da ya ce maka shi yana da zafin nama, zai janye hannu in abu ya taso, ka zaunar da shi ka yi masa wannan lissafin. Ba a tsere da inji. Dabarar kawai ita ce kada hannu ya kasance a inda dutse zai bi idan ya ƙwace.

Duba jikin kowane dutse, akwai lambar iyakar juyinsa. Na inci huɗu da rabi, milimita 115, an rubuta masa 13,300. Na inci bakwai 8,500. Na inci tara, milimita 230, bai wuce 6,650 ba. To matsalar ita ce ramin tsakiyarsu duk ɗaya ne, milimita 22, don haka babban dutse yana shiga ƙaramar giranda daram idan aka cire murfi. Nan mutane ke halaka kansu. Dutsen da aka yi domin juyi 6,650 ka ɗora shi a kan injin da ke yin 11,000, ƙarfin da ke fizgar gefensa waje ya kusa ninka abin da aka gina shi a kai sau uku. Idan ya tarwatse, hannun da ke riƙe da gaban injin shi ne na farko a hanya, fuska ta biyu. Har dutsen babbar giranda da ya cinye ya koma ƙarami, wanda yara ke tarawa don tsimi, kada a mayar da shi kan ƙaramar. Lambar da ke jikinsa ba ta canja ba don ya ƙanƙance, kuma ya riga ya sha zafi da bugu.

Akwai wata lamba a kan zoben ƙarfen tsakiyar dutsen, wata da shekara. Wa'adinsa ke nan, galibi shekara 3 daga ranar da aka yi shi, domin ƙaron da ya haɗa yashin dutsen yana lalacewa. Danshi yana saurin kashe shi. Dutsen da ya kwana a ƙasan shago da damina, ko ruwan ɗigon kwano ya taɓa, ko ya faɗi a kan siminti, ka karya shi da hannunka ka jefar, don in ka bar shi lafiya lau wani yaro zai tsince shi. Idan za ka saya, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a kasuwar kusa da ku, ɗaga shi ka duba gefensa a rana. Ɗan tsagu kamar gashi ya isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dutsen yanka daban, na guga daban. Na yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, kuma a tsaye yake shiga ƙarfe, da bakinsa kaɗai yake ci. Na guga kaurinsa milimita 6, ana kwantar da shi kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 30. Yaro ya gama yanka, ya ga ɗan ƙaiƙayi a bakin ƙarfe, ya ji ƙyuyar canja dutse, sai ya goga da gefen na yanka. Gefen nan shi ne ragar zaren da ke riƙe da dutsen gaba ɗaya, in ta cinye babu abin da ya rage. Wajen ɗaurawa ma akwai kuskure: notin yana da ɗan tudu a fuska ɗaya. Idan siririn dutse ne tudun ya kalli waje, idan mai kauri ne tudun ya shiga ramin dutsen. Aka juya shi, siririn dutse ba ya matsuwa, yana rawa. A ɗaure da sifanarsa, ba da guduma da cizal ba. Sabon dutse kuma a bar shi ya yi gudu kamar minti ɗaya babu aiki, an kawar da shi daga jiki da kuma inda mutane suke.

Yanzu harbi, wato lokacin da injin ya ƙwace ya taso. Kusan kullum dalilinsa guda ne, tsagar yankan ta rufe ta cije dutsen. Idan ka ɗora bututu a kan abu biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kana yanka a tsakiya, nauyinsa zai sa ya lotsa, saman tsagar ya matse. Daidai shi ne a tallafe dogon ɓangaren a ɗaure shi, guntun da za a cire ya rataya a iska, yadda idan ya zo faɗuwa tsagar buɗewa za ta yi. Kada a danna, nauyin injin ya isa. Kada a murɗa dutse a cikin tsaga don gyara layi. Idan aka tsaya a tsakiyar yanka, a fito da dutsen, a tayar da injin ya cika gudu, sannan a koma a hankali.

Murfi kuwa juyawa yake yi, abin da yaranka ba su gane ba ke nan. Sassauta shi, juya shi ya tsaya tsakanin dutse da mai riƙo, sake ɗaurewa, bai kai minti ɗaya ba. Lungun da giranda mai murfi ba ta shiga, aikin zarto ne ko fayil na hannu. Mariƙin gefe shi ma a mayar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ba ya riƙe giranda. Kuma idan hannu biyu suna kan inji, dole a nemo abin da zai riƙe ƙarfen, ka ga an rabu da mummunar ɗabi'ar nan ta riƙe guntun rodi da hagu ko take shi da silifa ana yanka da dama. Faifan zarton katako mai haƙora, wanda wasu ke ɗaurawa don gyaran katakon amalanke, kada ya kwana a shagonka. Haƙori ɗaya ya kama ƙusa ko gaɓar itace, injin zai hau hannu.

Maganar safa, a ganina duk abin da ke juyawa a nisanta shi da ita.

Injiniya Kura:

Baba Maƙeri, Allah ya ƙara girma, ka gama magana a kan giranda. A kan safa ne kawai zan ɗan rarrabe, don ba duk mai juyawa ne hukuncinsu ɗaya ba.

Tambayar da za a yi ita ce: hannu ne ke riƙe da injin, ko hannu ne ke kai aiki wajen injin? A girandar hannu, hannaye biyu suna kan mariƙi, nesa da dutse, abin da ke zuwa musu tartsatsi ne da ɓarɓashi mai zafi, don haka safar fata wadda ta kama hannu tsam tana da amfani. Haka wajen walda, da ɗaukar faranti mai kaifin baki. Amma a injin huda, da dutsen washi na tebur, da rola, da injin sassaƙar ƙarfe, da duk inda bel ke gudu, safa haramun ce a sana'ance. Dalili kuwa, fatar mutum idan ta taɓa bakin huda yagewa take yi, a samu rauni ƙarami. Safa ba ta yagewa. Naɗewa take yi, ta tafi da yatsan da ke cikinta, ta bi da tafin hannu har wuyan hannu. Abin da ya sa ake sayenta, wato ƙwarinta, shi ne ke cutarwa a nan. Wanda ba shi da zaɓi sai safar auduga mai sako-sako, gara ya ajiye ta ko a giranda, a nan na yarda da Baba.

Ba safa kaɗai ba. Hannun kaftani, bakin rawani, carbin da aka naɗe a wuyan hannu, agogo, tsumman goge hannu da ke leƙowa daga aljihu, duk aikinsu ɗaya. Zoben azurfa ya fi su sharri. Idan ya maƙale a ƙarfe mutum yana sauka daga kan tanki ko amalanke, yakan zare naman yatsa gaba ɗaya ya bar ƙashi, kuma yana ɗaukar wutar walda ya yi zafi a take. A kafa ƙusa a bakin ƙofa, kowa ya rataye nasa da safe. Rigar aiki ta zama mai gajeren hannu ga mai aikin huda da rola, mai dogon hannu da aka ɓalle maɓallinsa ga mai walda.

Injin huda ba ya cizo sai a ƙarshe. Lokacin da baki ya kusa ɓullowa ta ƙasa, sauran naman ƙarfen ya yi siriri, sai leɓen bakin ya kafe a ciki maimakon ya yanka. Idan hannu ne ke riƙe da farantin, nan take zai ƙwace ya koma wuƙa mai juyawa a daidai tsayin ciki da yatsu. Magani shi ne matsewa da bayis ko kilam biyu a kan teburin injin, komai ƙanƙantar ramin. Dogon ƙarfe a juya jelarsa ta hagu ta jingina da ginshiƙin injin, don in ya ƙwace ginshiƙin zai tare shi. A sa katako a ƙasa, a sassauta dannawa idan an ji baki ya kusa fita. Babban rami a fara da ƙaramin baki mai milimita 4 ko 5. Gudu ma a rage shi gwargwadon girman baki: a ƙarfe na yau da kullum, baki mai milimita 6 kamar juyi 1,300, mai 10 kamar 800, mai 20 kamar 400. Yawancin shaguna bel ɗin saman injin yana kan fuli ɗaya tun ranar da aka saye shi. Ɓawon ƙarfen da ke fitowa a murɗe kaifinsa kamar reza, a kashe inji a share da buroshi, ba da yatsa ba, ba da tsumma ba. Makullin ɗaure baki kuma wuri biyu gare shi, ko yana hannu, ko yana kan ƙusarsa.

Dutsen washi na tebur, abin dubawa tazara ce. Ɗan dandamalin da ake ɗora aiki kada ya yi nesa da dutse fiye da milimita 3. Dutse yana cinyewa, tazarar tana buɗewa, wata rana cizal ya faɗa ciki ya ja yatsa. A riƙa matso da shi duk mako, injin a kashe. Ƙaramin abu a riƙe shi da filaya mai kulle.

Rola ita ce na fi jin tsoro a jerin naka, Malam, saboda a hankali take tafiya, shi ya sa ba a ganin haɗarinta. Abin da ke lanƙwasa farantin milimita 3 ba zai ji ƙashin yatsa ba. Inda rola biyu suka haɗu suna juyawa ciki, nan ne bakin kura. Mai ba ta faranti ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu a buɗe, ya sake tun saura kamar taƙi biyu ya kai baki, sauran a tura da katako. Kada a goge rola tana tafiya. Mutum ɗaya ne zai riƙe makunni, kuma shi ne mai ba da faranti, ba wani yaro can gefe da ke jiran a ce masa kunna ba. Lallai ta kasance tana da juyin baya, don in ta kama hannu, ja da ƙarfi shi ke ƙarasa ɓarnar: a tsayar, a sassauta notin rolar sama a buɗe tazara, sannan a zare. Sifanar wannan noti ta zauna a jikin injin, a ɗaure da waya.

Almakashin datsa: dogon mariƙinsa a yi masa ƙugiya da za ta riƙe shi a sama, kada ya faɗo da kansa. A gaban wuƙar a walda sandar ƙarfe a kwance, tazararta da faranti kada ta wuce milimita 6, faranti ya wuce, yatsa ya tsaya. Kuma kada wani ya zagaya baya yana tarar guntaye da hannu, a sa kwali ko tire.

Murfin bel da fuli kai ne ma ya kamata ka fi kowa iya yinsa. Firam na ƙaramin angul, a lulluɓe da raga, a rufe gaba da baya da ƙasa, a ɗaure da noti yadda sai da sifana za a cire. Wanda aka rufe gabansa kawai aka bar baya, yaro zai zura hannu ta can ya taɓa bel ya ji ko ya saki. Kan shaf da ya leƙo waje da makullin fuli su ma a rufe su, su ne ke kama riga. Kuma don Allah injinan casa da na ɓarar gyaɗa da kuke ƙerawa ku riƙa fitar da su da murfin bel, mazurarin zuba kaya kuma ya yi zurfin da hannu ba zai kai ga haƙora ba, santimita 85 daga baki zuwa abin da ke juyawa. Waɗanda za su tsaya a kansu a gona mata ne da yara masu mayafi da manyan riguna.

Mai Walda Gujungu:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Batun wa'adin dutse da juya noti zan tara yaran gobe in nuna musu. Saura maganar taimakon farko, ko akwai ma'aikacin lafiya a nan?

Malamar Jinya:

Akwai, Malam. Sannu da ƙoƙari.

Abu na farko a kashe inji a zare fulogi, kada mai ceto ya zama na biyu. Sai a zaunar da mai raunin, don ko jarumi ne yana iya sumewa idan ya ga jininsa. A ɗora bandeji ko tsumma mai tsabta a kan raunin a danna da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a riƙe minti 10 cur ba a ɗaga ana leƙawa ba. Duk leƙawa tana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko. Mafi yawan raunin hannu wannan ya ishe shi. Ɗaure dantse sai in jini yana tsartuwa kuma dannawa ta gaza: a yi da ƙyalle mai faɗin yatsa uku, a rubuta lokacin da aka ɗaure, a faɗa wa likita da isa. Ban da waya, ban da robar tayar babur, ban da zare a gindin yatsa. Zobe a cire shi tun kafin kumburi. Idan guntun dutse ko ƙarfe ya nutse a nama, a bar shi, a tallafe gefensa da bandeji.

Man birki, baƙin mai, fetur, ruwan batir, toka, ƙasa, garin magani na kafso, babu wanda ke tsayar da jini. Ƙona naman da ya rage da rai suke yi, su sa likita ya yanke fiye da abin da inji ya ci. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai yawa, fiya wata leda uku ko huɗu, da sabulu a gefensa. Auduga kada ta taɓa raunin kai tsaye, tana manne wa nama. Don zafi a ba da farasitamol, ban da asfirin saboda yana ƙara zubar jini. Idan raunin babba ne kada a ba shi abinci ko kunu a hanya, wataƙila a shiga da shi tiyata, kuma ana son ciki ya yi kamar awa 6 babu abinci.

Idan yatsa ya cire, a ɗauko shi. A ɗauraye shi sama-sama, a naɗe da bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle sosai, sannan a sa ledar a cikin kula mai ruwa da ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi tsirara a ruwa. In babu ƙanƙara, ruwan randa ya fi babu. Yatsa yana iya jure kamar awa 12 ba sanyi, kusan 24 da sanyi, amma idan yankan ya haura wuyan hannu inda tsoka take, lokacin bai wuce awa 6 ba. Gaskiya ba kowane ake iya mayarwa ba, musamman wanda rola ta murƙushe, amma likita ne zai yanke hukunci, kuma ko fatarsa ana iya amfani da ita a rufe kututturen. Babban yatsa ya fi kowanne cancantar a yi masa gudu, shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 40 cikin 100 na aikin hannu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne raunin da ake rainawa. Yanka ɗan ƙarami a cikin yatsa ko tafin hannu, a ɗinke a kemis, bayan wata guda a ga yatsa ba ya lanƙwasuwa. Jijiyar motsi ce ta tsinke. Kowane yatsa, ban da babba, jijiya biyu ke lanƙwasa shi, kuma in ɗaya ta tsinke takan ja da baya ta shige tafin hannu. Gwaji mai sauƙi ne: riƙe gaɓar tsakiya, ka ce ya lanƙwasa kan yatsan kaɗai. Sannan riƙe sauran yatsun a miƙe, ka ce ya lanƙwasa wannan. Sai ya rufe ido, ka shafa gefe da gefen yatsan, ka tambaye shi ko yana ji daidai da na ɗaya hannun. Ya kasa ɗaya daga ciki, ko kan yatsan ya yi fari ko ya yi sanyi, wannan ba aikin kemis ba ne. Ɗinkin jijiya ya fi kyau a kwanakin farko, bayan mako biyu zuwa uku abin ya yi wuya. Bayan ɗinki ma akwai kusan mako 6 na ɗauri da motsa yatsu a gaban masu gashin ƙashi na asibiti, kuma sai kusan mako 12 kafin ya ɗauki guduma. Maigida ya haƙura da shi a wannan lokaci.

Hannun da rola ta matse, ko fata ba ta fashe ba, a kai shi asibiti a ranar. Kumburin ciki yana iya toshe jini cikin awoyi, alamarsa zafin da ya fi ƙarfin raunin, wanda ke ƙaruwa in an miƙe yatsu. Irin wannan hannu ɗauri mai tsauri da kara shi ke kashe shi, don haka kada a fara da gidan ɗori. Haka wanda man haidirolik ko gas na nozul ya huda: ramin kamar na allura, amma man ya bazu a ciki, tiyatar gaggawa ce. Yoyon tiyo da kwali ake nemansa, ba da tafin hannu ba. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, kada a fasa ƙurjin.

Tetanus, mai sarƙe haƙora, ba tsatsa ce ke kawo ta ba. Ƙwayar tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, kuma garma da amalanke da su suke zuwa shagonka. Duk wanda ya yi shekara 5 bai yi allurar ba, ya samu rauni mai datti, ya je a yi masa a ranar. Mafi kyau ka kai yaran biyar asibitin sha-ka-tafi su fara jerin allurar tun suna lafiya.

Asibiti mafi kusa a fara zuwa don tsayar da jini da karɓar takardar turawa. Daga nan akwai Rasheed Shekoni a Dutse, da cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, a Kano kuma Asibitin Ƙashi na Dala da na koyarwa na Aminu Kano. Lambar direban da za a kira ko da tsakar dare ne ta kasance a rubuce a bango.

Mai Gyaran Wuta Ringim:

Yaya, abu ɗaya ya rage da ya shafi wutarka mai zuwa tana ɗaukewa. An ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, yaro ya ajiye giranda makunninta a kulle, ko ya fara canja dutse, ko ya sa hannu yana gyara bel. Can wani ya tayar da janareta. Doka a shago ta zama: wuta ta ɗauke, kowa ya kashe makunni ya zare fulogi, kuma mai tayar da janareta sai ya ɗaga murya an amsa masa. Mai canja dutse ko bakin huda ya ajiye kan fulogin a gabansa inda idonsa ke gani.

Rola da injin huda da dutsen tebur kuwa a raba su da makunnin wuƙa ko na bango. A sa musu sitata mai kontakta, mai kore da jan maɓalli. Idan wuta ta ɗauke kontaktar sakin kanta take yi, ko an dawo da wuta injin ba zai tashi ba sai an danna kore. Jan ya zama mai faɗin kai, a rola a sa biyu, ɗaya kowane gefe, a daidai gwiwa ko cinya, domin wanda hannayensa suka kamu ba shi da yatsan dannawa.

Mariƙin walda mai fashewar roba a canja shi. Wutar da ke bakinsa kafin a kama aiki takan kai bolt 50 zuwa 80, da bazara kuma safar da ta jiƙe da gumi ba ta tare komai. Ƙarfen da aka gama waldawa a rubuta masa "zafi" da alli, tunda ƙarfe ba ya fara ja sai ya kusa digiri 500. Da azumi a tura aikin rola da yanka zuwa safiya. Sabon yaron nan naka kuma ya tsaya a kan awo, fayil da fenti tukuna, in zai taɓa giranda kana tsaye a kansa.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, NSITF, domin magani da diyya idan an ji rauni a bakin aiki.

Mai Walda Gujungu:

Madalla, Allah ya bar zumunci. Injiniya, ragar murfin bel wace iri zan saya? Akwai mai ƙananan ido, akwai irin ta kejin kaji.

Injiniya Kura:

Ta kejin kaji ba ta da ƙwari, in an jingina da ita lotsawa take yi har ta taɓa bel. Nemi ragar walda mai kaurin waya. Girman ido shi ke faɗa maka nisa: mai ido milimita 12 ta tsaya aƙalla santimita 8 daga bel da fuli, mai ido 25 kuma santimita 12. In wuri ya matse ba za ka samu wannan tazara ba, yi amfani da faranti a wannan gefen, ka huda masa ƙananan ramuka na milimita 6 don iska. Wajen zuba giris a boris ka jawo ɗan bututu zuwa wajen murfin, yadda ba sai an kwance shi ba duk lokacin da za a ba inji mai.